Kiwon Murjani a Damagaram: Zancen Masu Talla da Ainihin Buƙatar Ruwa

Kalmar murjani ba baƙuwa ba ce a kunnen mutumin Damagaram. Kakanninmu mata sun san shi a matsayin jan dutsen wuya mai daraja wanda fatake ke ketowa da shi ta hamada daga gaɓar Bahar Rum, kuma duk wanda ya yi karatun allo ya ci karo da sunansa a Suratur Rahman, inda aka ambace shi tare da lu'ulu'u. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne cewa dutsen nan ƙashin wata dabba ce, 'yar mitsitsiyar halitta mai baki ɗaya da hannaye kewaye da bakin, wadda ke zama dubbai a wuri guda tana gina wa kanta gida da sinadarin alli da take tsamowa daga ruwan teku. Jan murjanin ado ba ya dogara da hasken rana, amma danginsa na tekuna masu ɗumi, irin na Bahar Maliya da Indonesiya da arewa maso gabashin Ostareliya, suna ɗauke da wasu ƙwayoyin gansakuka a cikin naman jikinsu, waɗanda ke haɗa abinci da hasken rana su ciyar da mai masaukinsu. Waɗannan masu launi iri-iri su ne ake kiwo a cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri, wanda ake kira akwariyom, kuma su ne suka fara shiga idon wasu matasanmu ta hanyar bidiyoyin YouTube da TikTok.

Wani ɗan ƙanwata da ke zaune a Sabon Gari ya zo mini da irin wannan sha'awa, ya miƙo mini wayarsa ya ce, “Kawu, duba mini wannan lissafin, ko akwai abin da aka manta.” Wani mai sayar da kayan ne daga waje ya turo masa jerin abubuwan da ya ce dole ne a mallaka kafin a fara akwatin lita 200. A ciki akwai fitila mai tsada, da injin kumfa, da na'urar ɗumama ruwa, da kwalabe har bakwai, kowace da alƙawarinta, wata ta ƙara launi, wata ta hanzarta girma, wata ta kashe cuta ba tare da ta taɓa murjani ba. Babu injin sanyaya ruwa a jerin, babu batir, babu ko ma'aunin zafi. Ban ɗauka cewa mai kayan ya yi nufin cuta ba, domin abin da ya rubuta shi ne abin da kusan kowa ke maimaitawa a wannan harka. Matsalar ita ce shawarar tana da garin da aka haife ta, kuma garin bai yi kama da namu ba.

Tsarin da yawancin masu kiwon murjani ke bi a yau ya samo asali ne daga wasu masu sha'awar abin a birnin Balin na Jamus a shekarun 1970, shi ya sa ake kiransa tsarin Balin: duwatsun teku masu ɗauke da ƙananan halittu, da haske mai ƙarfi, da injin kumfa da ke fitar da dauɗa, da ruwan farar ƙasa da Peter Wilkens ya yayata don mayar da allin da murjani ke sha. A Balin ɗin ne kuma Dietrich Stüber ya yi nasarar raya murjani mai rassa da ake kira Acropora a shekarun 1980, lokacin da mutane da dama ke ganin hakan ba zai yiwu a gida ba. Amma ko a wancan zamani ba hanya ɗaya ce ta kai kasuwa ba. Tun a 1961 Lee Chin Eng na Jakarta ya bayyana yadda yake raya halittun teku da dutse da yashi da kumfar iska kaɗan kawai, Jean Jaubert ya yi nasa tsarin na yashi mai zurfi a gidan adana halittun teku na Monako, Walter Adey kuma a cibiyar Smithsonian ta Amurka ya sa gansakuka da kanta ta tsarkake ruwan. Duka waɗannan hanyoyi sun raya murjani. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce wadda ta fi dacewa da shago, wato wadda kowane sashe nata za a iya ƙera shi, a sa shi a kwali, a liƙa masa farashi. Wannan ba ya nufin tsarin Balin ba shi da kyau, yana da kyau ƙwarai, sai dai kalmar “dole” da ake maƙala wa kowane kayansa ta fi ƙarfin hujjar da ke bayanta.

Injin kumfa misali ne mai kyau. Aikinsa shi ne ya cakuɗa ruwa da ƙananan kumfar iska, dattin da ya narke a ruwa ya manne a jikin kumfar, ta taso da shi zuwa wani kofi a zubar. Injin yana aiki, kuma yana ƙara wa ruwa iskar shaƙa, wanda a wurinmu wataƙila shi ne babban amfaninsa. Amma gwaje-gwajen da Ken Feldman, masanin sinadarai a jami'ar jihar Fensilbaniya, ya yi tare da abokan aikinsa sun nuna cewa injunan da suka auna suna cire kashi 20 zuwa 35 cikin ɗari ne kawai na narkakken datti, kuma tazarar da ke tsakanin mai tsada da mai araha ba ta kai yadda talla ke zuzutawa ba. Mai ƙaramin akwati da kifi biyu ko uku zai iya zama lafiya ba tare da injin ba, muddin ruwan yana motsi kuma ba a cika abinci.

Akwai kuma ƙa'idojin baka da ake gada daga bidiyo zuwa bidiyo, waɗanda ma'auninsu kaɗai ya isa ya nuna asalinsu, tunda duk da galan da fam na Amurka ake faɗinsu. A ce fam ɗaya na dutse ga kowane galan, ko wat kaza na fitila ga kowane galan. Ƙa'idar wat ta fito ne daga zamanin dogayen ƙwayayen fitila, alhali wat yana auna wutar da fitila ke ci ne, ba hasken da ke isa jikin murjani ba. Hasken da ya shafi gansakukar da ke cikin murjani ana auna shi da wani ma'auni da ake kira PAR: rana tsaka a saman teku a yankunan zafi yana kaiwa wajen 2,000, murjani mai taushi, wato wanda ba ya gina ƙashi mai tauri, yana wadatuwa da 50 zuwa 150, mai rassa kuma yana son kamar 200 zuwa 400. Fitila mai matsakaicin kuɗi tana ba da wannan a akwatin da bai cika zurfi ba, kuma sabon shiga ya fi kashe murjani da yawan haske fiye da ƙarancinsa. Shuɗin hasken da ake gani a bidiyo kuwa yana sa wasu sinadarai a jikin murjani su yi ƙyalli, masu ɗaukar hoto kuma suna ƙara tace launin a kyamara, don haka sayen murjani daga hoton WhatsApp cinikin biri a sama ne. Sau da yawa abin da ya iso launin ƙasa-ƙasa ne a farin haske, ko da an laƙaba masa suna mai daɗi da ya ninka farashinsa.

Ƙa'idar canza kashi 10 cikin ɗari na ruwa kowane mako ta cancanci a yi mata lissafi, domin ana faɗinta kamar ita ce maganin kowane datti. A ɗauka kifi da abincinsu suna ƙara nitrat, wato sinadarin da dattin kifi ke komawa, miligiram 5 a kowace lita duk mako, kuma babu abin da ke cinye shi. Idan ana kwashe kashi 10 kawai, adadin zai yi ta hawa har ya tsaya a wajen 50 kafin kowane canji, domin sai a nan ne kashi goman da ake zubarwa ya yi daidai da biyar ɗin da ke shiga. Ke nan canjin ruwa yana rage gudun hawan, amma abin da ke riƙe da akwati shi ne yawan abincin da ke shiga da kuma halittun da ke cinye dattin a ciki. Canjin yana da amfaninsa wajen sabunta sinadarai da wanke abin da ba a iya aunawa, sai dai yawansa abu ne da gwaji ya kamata ya yanke, musamman a garin da kowace jarka sai mai garuwa ya turo ta a kura.

Batun nitrat da fosfat, wani sinadarin da shi ma ke fitowa daga abincin kifi da dattinsa, ya fi kowanne nuna yadda shawara ke juyawa. An daɗe ana gaya wa mutane cewa ruwan tudun murjani a teku kusan babu waɗannan sinadarai a cikinsa, saboda haka a mayar da su sifili a akwati, aka kuma ƙirƙiro hoda iri-iri da tsakuwoyi da kwalabe na yin hakan. Gaskiya ne ruwan tekun ba shi da su da yawa, amma murjanin teku yana cikin igiyar ruwa da ke kawo masa ƙananan halittu yana kamawa dare da rana, abin da akwatin ɗaki ba ya samu. Waɗanda suka tsotse ruwansu ƙarƙaf sun ga murjaninsu ya koɗe, wasu kuma wata yauƙaƙƙiyar gansakuka mai guba ta mamaye musu yashi. Binciken da Jörg Wiedenmann da abokan aikinsa na jami'ar Southampton a Ingila suka wallafa a 2013 ya nuna cewa murjanin da ke cikin ruwa mai yawan nitrat da ƙarancin fosfat ya fi saurin yin fari idan zafi ko haske ya tsananta. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda zafi ne babban abokin gābarmu. Yanzu kasuwar da ta sayar da maganin cire nitrat da fosfat ita ce ke sayar da kwalabar ƙara su, kuma ba wuya a tarar da mutum ɗaya yana amfani da duka biyun a akwati guda. Don a ba wa abin kamannin kimiyya, sai a jawo lissafin Redfield na 16 da 1, wato naitirojin (sinadarin da ke cikin nitrat) 16 ga kowane fosforas (na cikin fosfat) ɗaya. Masanin teku Alfred Redfield ya fitar da wannan ne game da jikin ƙananan halittun da ke yawo a faɗin teku, bai yi shi don akwatin gilashi ba, kuma ƙidayar ƙwayar zarra ce, wadda idan aka mayar da ita nauyin nitrat da fosfat irin wanda kayan gwaji ke nunawa takan koma kusan 10 da 1. Abin da ya fi tabbata shi ne kada ɗayansu ya ɓace gaba ɗaya, kuma kada a sauke su ko a ɗaga su farat ɗaya.

A nan ya kamata a yi wa mai shago adalci, domin akwai inda maganarsa gaskiya ce tsantsa. Ruwan teku yana da giram 35 na gishiri a kowane kilo, amma kusan kashi 85 cikin ɗari ne kawai na wannan yake irin gishirin miya. Ragowar ya ƙunshi salfet da maganiziyam da kalsiyam da fotasiyam da sauransu, kuma a cikin ragowar nan ne rayuwar murjani take. Saboda haka gishirin Bilma ko na kanti ba zai yi ba, ko da an tace shi sau goma, sai haɗaɗɗen gishirin da aka yi don wannan aiki, kuma akwatin lita 200 zai ci fiye da kilo 7 a cikawar farko kaɗai. Wannan kuɗi ne da ba a kauce masa, kuma dakonsa zuwa Damagaram na iya kusantar kuɗin sayensa. Abin da ba a buƙata shi ne bin kowane sabon suna da ake liƙa wa bokitin, domin duk gishirin da ya ba da kalsiyam wajen miligiram 420 a lita, da maganiziyam wajen 1,300, ya yi aikinsa.

Kwalabe bakwai ɗin nan su ne inda riba take. Murjani mai ƙashi yana shan abubuwa biyu da yawa, kalsiyam da kuma abin da masu harkar ke kira alkaliniti, wanda ni zan kira kanwar ruwa, domin sinadarin da ke cikinsa ɗan uwan kanwar da muke jefawa a miyar kuka ne. A teku yana tsayawa wajen 7 a ma'aunin da ake kira dKH. Yawancin kwalaben da ake sayarwa don ɗaga shi ba komai ba ne illa bikarbonat ɗin soda, wato farar hodar nan ta masu gashin burodi da cincin, ko ƙanwarta karbonat, an narkar a ruwa. Giram 3 na bikarbonat yana ɗaga lita 100 da maki ɗaya, ke nan giram 6 ya ishi akwatin ɗan ƙanwata. Kalsiyam kuma ana samunsa daga kalsiyam kulorayid, maganiziyam daga gishirinsa guda biyu da masu sayar da sinadarai suka sani. Hans-Werner Balling ya bayyana wannan hanya a Jamus a shekarun 1990, masanin sinadarai Randy Holmes-Farley kuma ya wallafa yadda kowa zai haɗa nasa a gida. Wanda ya sayi kwalba yana biyan kuɗin tsabta da sauƙi ne, kuma wannan halal ne idan ya san abin da yake saye, amma babu wani sirri a ciki. Sai dai kada wani ya ji wannan ya ɗauko kanwar Manga daga Kasuwar Dole ya jefa, domin tana gauraye da ƙasa da gishiri da wasu sinadarai da ba a san adadinsu ba. Akwatin da ke da murjani mai taushi zalla ma da ƙyar zai buƙaci ƙarin komai bayan canjin ruwa.

Sauran kwalaben na ƙananan sinadarai ne irin su aidin, wanda a teku bai wuce miligiram 0.06 a lita ba. Kayan gwajin gida ba sa auna irin wannan ɗan adadi da tabbaci, abincin kifi da sabon gishiri suna kawo wasu daga cikinsu, kuma tazarar da ke tsakanin isa da guba ƙarama ce. Tsohuwar maganar masu harkar cewa kada ka zuba abin da ba ka iya aunawa tana nan da ƙarfinta.

Kwalabar bakteriya tana da nata bayanin. Kifi yana fitar da amoniya, wadda guba ce, wasu bakteriya su mayar da ita nitrit, wasu kuma su mayar da nitrit nitrat, kuma sabon akwati yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita da kansu. Wasu kwalaben suna gajarta wannan lokaci da gaske, amma abin da ke cikinsu mai rai ne, kuma kwalbar da ta kwana makonni a cikin kwantena da bayan mota a zafin bazara ba lallai ta iso da rai ba. An ma daɗe ana rubuta sunan Nitrobacter a littattafai da jikin kwalabe, har Timothy Hovanec da abokan aikinsa suka nuna a 1998 cewa a akwatunan ruwan daɗi Nitrospira ce ke wannan aiki. Tsoron nitrit kansa gado ne daga kiwon kifin ruwan daɗi, domin a ruwan gishiri yawan kulorayid yana tare masa hanyar shiga jikin kifi, don haka amoniya ce abin sa wa ido.

Inda talla ta fi yin ɓarna shi ne wajen cuta. Akwai wani ƙwaro da ido ba ya gani sai ya girma, Cryptocaryon irritans, wanda ke fitowa a jikin kifi kamar an barbaɗa masa gishiri. Yana cin jikin kifin kwana uku zuwa bakwai, sannan ya saki da kansa ya faɗa ƙasa, ya rufe kansa a cikin ƙwanso ya rarrabu, daga baya 'ya'ya masu yawa su fito neman kifi. Wanda ya ga ɗigon ranar Litinin ya zuba magani ko ya cakuɗa abinci da tafarnuwa, zuwa Juma'a ɗigon ya ɓace, sai ya hau intanet ya yi shaida cewa maganin ya yi, alhali ƙwaron tafiyarsa ya yi don ya dawo da rundunarsa. Irin wannan shaidar ce ke sayar da kwalaben da aka rubuta wa “ba ya cutar da murjani”. Magungunan da aka tabbatar suna kashe ƙwaron, irin na sinadarin tagulla, suna kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi su ma, saboda haka sai a wani akwati na daban ake amfani da su, babban akwatin kuma a bar shi babu kifi fiye da kwana 72, tunda an ga ƙwanson ya kai kwana 72 kafin ya fashe. Ƙaramin akwatin killace sabon kifi na wasu makonni ya fi duk kwalaben nan amfani, amma ba kasafai ake tallarsa ba, domin bokitin roba mai tsabta da ɗan injin iska sun kusa isa.

Duk waɗannan gyare-gyare ne da mai kiwo a ko'ina zai amfana da su. Abin da ya keɓanta da mu shi ne abin da jerin bai ambata ba sam. Murjani yana son ruwa tsakanin digiri 24 da 27, kuma a teku ma idan zafi ya ɗara abin da ya saba da digiri ɗaya kacal na tsawon makonni, sai ya kori gansakukar jikinsa ya yi fari fat, daga nan yunwa ta kashe shi. A Damagaram zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40, ɗaki mai rufin kwano ba ya hucewa ko da dare, kuma kowane injin da ke cikin ruwa yana ƙara nasa ɗumin. Na'urar ɗumama ruwa tana da ranarta a darerun Disamba da Janairu, lokacin da sanyin hunturu ke sauka ƙasa da digiri 15, amma a yawancin shekara sanyaya ruwa ne aikin. A nan bushewar iskarmu tana taimakawa, ta hanyar da randa ke sanyaya ruwan sha: lita ɗaya da ta tashi ta zama tururi tana ɗauke zafin da ya isa ya sauke lita 200 da kusan digiri 3, don haka fanka da ke hura saman ruwa tana yin aiki sosai a bazara, ko da yake ƙarfinta yana raguwa idan damina ta kawo laima. Amma gishiri ba ya bin tururi, saboda haka lita 4 da suka tashi daga lita 200 suna ɗaga gishirin daga 35 zuwa 35.7, kuma dole a riƙa cike gurbin kullum da tsarkakakken ruwa marar gishiri.

Wannan ya kai mu ga ruwa, wanda ƙarancinsa a wannan gari da ke zaune a kan dutse ba labari ba ne ga kowa. Ruwan famfo yana da kulorin, na rijiya da na burtsatse a cikin gari kan zo da nitrat, ruwan sama da ya bi ta kan kwano yana kwaso ƙura da sinadarin ƙarfen rufin, ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki kuma yana iya ɗauko tagulla. Na'urar tace ruwa ta gida mai matse shi ta cikin siririyar fata tana magance wannan, amma takan zubar da lita uku zuwa huɗu kafin ta ba da lita ɗaya mai kyau, kuma tana buƙatar ruwa mai ƙarfin turi, abin da famfon da ke zuwa jefi-jefi ba ya bayarwa sai da ƙarin inji. Ruwan da ta zubar yana yin wanki da ban ruwan shuka, amma dole a sa shi a lissafi tun farko. Ɗan ma'aunin narkakkun sinadarai, wanda bai fi alƙalami girma ba, shi ne zai gaya wa mutum gaskiyar ruwan leda ko na kowane mai sayarwa.

Sai wutar lantarki. Ruwan gishiri yana riƙe iskar shaƙa ƙasa da ruwan daɗi da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma duk yadda ya ƙara ɗumi haka take ƙara raguwa, alhali kifi da bakteriya suna ƙara shaƙarta. Idan injuna suka tsaya da rana a bazara, akwatin da ke cike da kifi yana iya fara mutuwa cikin 'yan sa'o'i. Murjani yana jure kwana biyu ko uku babu fitila, amma ba ya jure tsayawar ruwa. Wanda ya ga yadda aka yi daga Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar har zuwa Maris na 2024, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Batir da faifan sola da za su riƙe injin motsa ruwa da fanka dare da rana sun fi fitila mai tsada muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma ɗan injin iska mai batir shi ne mafi arahar abin da ke ceton rai a duk harkar. Akwai kuma abin da bidiyon Turai ba zai taɓa faɗa ba: maganin sauro na feshi da na hayaƙi galibi suna ɗauke da sinadaran da ke kashe kifi da jatan lande ko da kaɗan ne suka shiga ruwa, injin kumfa kuma iskar ɗakin yake zuƙa ya cusa a ciki. Ɗakin da ake feshi a cikinsa kowane dare na damina ba wurin ajiye akwati ba ne.

Dabbobin kansu tafiya ce mai nisa a gabansu, domin teku mafi kusa da mu tana nesa da kusan kilomita dubu, kuma kifi a leda yana da kwana ɗaya zuwa biyu ne kafin ruwansa ya gurɓace. Murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin halittun da ake tsoron ƙarewarsu tsakanin ƙasashe, ke nan ketare iyaka da shi sai da takardar izini. A Filifin da Indonesiya an daɗe ana fama da masu kama kifin ado da gubar sayanayid, wadda ke sumar da kifi ta kuma kashe murjanin da ke wurin, irin wannan kifin kuma yakan iso da kyan gani ya mutu bayan 'yan makonni, mai shi ya yi ta zargin ruwansa. Kifin da aka ƙyanƙyashe a akwati, kamar ɗan kifin nan mai launin ruwan lemo da fararen zobba da ake kiwo tun shekarun 1970, da reshen murjanin da aka yanko daga wani akwatin, sun fi jure wahala. A kula kuma da wasu halittu masu kama da furanni daga dangin Palythoa da ake yawan ba sababbin shiga saboda ba sa mutuwa da wuri, domin wasunsu suna da guba mai tsanani, ba a taɓa su da hannu mai rauni, ba a kuma tafasa dutsen da suke kai.

Da muka gama bin jerin layi-layi, abin da ya rage a cikinsa shi ne akwatin, da gishiri, da dutse, da injin motsa ruwa, da fitila matsakaiciya, da kayan gwajin gishiri da kanwar ruwa da amoniya da nitrat. Kuɗin da aka zare daga kwalabe da injin kumfa ya koma kan batir da fanka da na'urar tace ruwa. Ya tambaye ni, “To Kawu, yaushe zan yi odar kifin?” Na ce masa ba bana ba. Na ba shi shawarar ya cika akwatin da ruwan famfo zalla, babu gishiri babu dabba, ya kunna fitila da injuna kamar da gaske, ya riƙa rubuta zafin ruwan da asuba da la'asar da tsakar dare tun daga farkon Afrilu har saukar damina, tare da litar da ta tashi kowace rana da sa'o'in da aka yi babu wuta. Idan ruwan bai wuce digiri 28 ba a duk tsawon lokacin, sai a zuba gishiri, a jira mako shida, a fara da murjani mai taushi da kifi biyu. Idan kuwa ya riƙa haura 30, to ko dai a sayi injin sanyaya ruwa da solar da za ta ɗauke shi, ko a mayar da akwatin na kifin ruwan daɗi, wanda danginsa na tafkin Gidimuni sun saba da zafinmu tun asali. Ya sayi littafin rubutu mai shafi ɗari, ya ja layi biyar a kowane shafi, akwatin kuma yana nan a kusurwar ɗakin da ba ta kallon yamma.